Maharazu Zai Yi Wa Turawa Rufi

Duk wanda ya taɓa zama a majalisar ƙofar gidan Baba Ado a Sheshe ya san Maharazu. Ko bai gan shi ba ya ji muryarsa, don tun daga bakin lungu ake jiyo ta. Sana'arsa sayar da bulo da siminti a wata rumfa kusa da Ƙofar Mazugal, amma idan ka kira shi Maharazu mai bulo ko waiwayowa ba zai yi ba. Injiniya yake amsawa. Har a jikin babur ɗinsa ya sa an rubuta masa.

Gini kuwa, sau ɗaya tak ya taɓa yi a rayuwarsa, katangar banɗakin gidansa. Ranar da ya gama wata akuya ta zo ta sosa gadon bayanta a jiki, katanga ta kwanta. Maharazu ya ce laifin akuyar ne, ba irin ta cikin gari ba ce.

Baba Ado ƙanin mahaifinsa ne, kuma shi ne magini na gaskiya, na ginin ƙasa. Rabin sorayen da ke tsaye a unguwar hannunsa ne ko na mahaifinsa. Saboda shi ne wata baturiyar Italiya, Malama Lusiya, malamar jami'a mai nazarin tsofaffin gine-gine, ta yi shekaru tana zuwa Kano tana zama a zaurensa da littafi a hannu, har Hausa ta zauna a bakinta, irin Hausar tsofaffi. Ita ce ta aiko da takarda cewa za a yi taron magina na gargajiya a wani ƙaramin gari a bakin teku, can kudancin ƙasarsu, ana so Baba Ado ya je ya nuna yadda ake gina baka, wato lanƙwasasshen ginin nan mai ɗaukar rufin soro, da tubali. Jirgi da masauki duk a wuyansu.

Baba Ado ya ce, "Ni iyakar samana tsani. Abin da zai ɗaga ni ya wuce kan soro, ba da ni ba. Ga gwiwa kuma."

Maharazu ya yi zumbur ya miƙe. "Baba, ai faɗuwa ta zo daidai da... ai shi ke nan ma! Jini ɗaya ne. Abin da ke hannunka yana hannuna, ban dai buɗe shi ba ne."

"Shekara arba'in da biyar yana rufe, Maharazu."

"Ajiya ce, Baba."

Ya yi ta naci, safe da yamma, har tsoho ya gaji ya yarda, da sharaɗin zai zo ya yi mako biyu yana koyo. Maharazu ya zo rana ɗaya, cikin farar shadda, ya tsaya nesa da kwaɓaɓɓiyar ƙasa yana amsa waya. Baba Ado ya ce masa, "To, ko ba ka riƙe komai ba ka riƙe uku. Tubali sai ya bushe ƙarau. Baka ba ya tsayuwa sai da itace a cikinsa. Kuma kada ka ɗora fiye da jeri uku a yini."

"Baba, ni fa Injiniya ne," in ji shi, ya hau babur ya tafi wajen tela.

Ranar tafiya ya tsaya a majalisa da jaka biyu. Salisu tela yana nan, mutumin da bai taɓa yarda da maganar Maharazu ba ko da sallama ce. Mustafa kafinta ma yana nan, shi kuwa ko Maharazu ya ce masa ya ga kifi a kan rimi zai tambaya ne ko babba ne.

"Turai ta kira ni," in ji Maharazu. "Benayensu masu hawa ɗari sun fara tsagewa, sun rasa mai gyara."

Salisu ya ce, "Allah Ya sa ba su da awaki."

Matarsa Larai ta leƙo daga zaure ta miƙa masa ƙullin yaji da kilishi. "Baban Nana, don Allah idan ka je ka rage magana."

"Ai magana aka kira ni in yi."

Bayan jirgin sama ya shiga jirgin ƙasa, bayan jirgin ƙasa Malama Lusiya ta ɗauke shi a wata 'yar mota kamar gwangwanin madara. Suka yi ta tafiya tsakanin itatuwan zaitun da na lemon tsami, teku na hannun dama shuɗiya kamar an zuba mata baban rini. Gidaje ƙanana farare, tsofaffi zaune a kan kujeru a ƙofar shagon gahawa, kyanwa kwance a tsakiyar titi ba ta da niyyar tashi. Maharazu ya yi ta miƙa wuya yana neman bene.

"Malama, yaushe za mu isa Turai?"

"Ai muna cikinta tun ɗazu, Malam Maharazu."

"Nan? Wallahi Bichi ta fi nan mutane ranar da ba kasuwa!"

Suka shiga garin da azahar. Shaguna a rufe, tagogi a rufe, ko ƙuda ba ya motsi. Maharazu ya cire hula ya riƙe a ƙirji. "Allah Ya jiƙansa. Wa ya rasu?"

"Babu wanda ya rasu. Barcin rana suke, sai la'asar."

"Gari guda?"

"Gari guda."

Ransa ya ɓaci. Me zai nuna wa majalisa? Ya riga ya yi alkawarin kiran bidiyo daga hawa na ɗari. Yana cikin wannan tunani motar ta karya kwana, sai ga wani fili shimfiɗe har bakin teku, a tsakiyarsa wasu manyan gine-gine uku na dutse ruwan zuma. Ginshiƙai jere reras, kowanne kaurinsa ya kai gindin kuka. Ba ƙofa, ba taga, ba rufi. Ciyawa ta fito a tsakar ɗaki, ƙadangaru na shan rana.

"Tsaya! Malama, tsaya!" Ya fito ya riƙe ƙugu. "Wa aka ba wannan aiki ya gudu?"

Malama Lusiya ta yi murmushi. "Wuraren ibadar mutanen dā ne. Sun shekara dubu biyu da ɗari biyar."

"Shekara dubu biyu da ɗari biyar ba a yi rufi ba? Duk ƙasar nan ba kafinta?"

"Rufin ya faɗi tun da daɗewa. Haka muke son su. Daga ko'ina a duniya ana zuwa kallo."

Maharazu ya dube ta da tausayi. Ya san wannan magana. Haka mutum yake cewa yana son shan iska idan ba shi da halin sayen kwanon rufi. Nan take ya gane abin da Allah Ya kawo shi yi. Kunya ce ta hana mutanen nan faɗa, shi ya sa suka fake da taron magina.

Ya zaro waya ya kira Mustafa kafinta. Fuskoki suka cunkushe a gilashin wayar, kowa na ture kowa.

"Injiniya, ina benen?"

"Ku manta da bene. Ku dubi nan!" Ya juya wayar. "Kango uku, fili ya fi filin Idi, ga ruwa kyauta a gefe. Masu shi sun rasa yadda za su yi shekara dubu biyu. Na gani na ce a ba ni wata shida. Kwano mai launin shuɗi a sama, a toshe tsakanin ginshiƙai da bulo, kowane tsakani shago ɗaya. Na ƙirga, shago ɗari da huɗu. Na tsakiyar nan ɗakin biki. Mustafa, kai ne shugaban rufi."

Mustafa ya dafe ƙirji. "Ni? A Turai?"

"Ina bukatar mutum goma sha biyu. Kowa ya je ya ɗauki hoton fasfo."

Salisu ya turo fuskarsa. "Su masu kangon sun sani?"

"Kai kuma ba ka cikin goma sha biyun."

Kafin magariba labari ya zaga Sheshe ya leƙa Ƙofar Mata. Mai hoto na bakin titi bai taɓa ganin layi irin na ranar ba. Mata suka yi ta sallama a gidan Larai, wannan da kwanon dambu, waccan da 'yar kaza, kowacce na so a sa sunan maigidanta. Mustafa ya mayar wa wani Alhaji aikin rufin da ya karɓa, ya ce ya yi haƙuri, shi yanzu ya zama na ƙasashen waje. Larai ta kira mijinta. "Baban Nana, kaji bakwai ne a tsakar gidana. Ka tabbata da abin nan?"

"Ki fara yanka su ɗaya bayan ɗaya."

Washegari Maharazu ya jira gari ya kwanta barcin rana, ya ɗauki igiyar awo ya tsallake shingen igiya da aka zagaye kangon da shi. Bayan babban ginin ya tarar da duwatsu warwatse a ƙasa, ɗari da wani abu, kowanne da 'yar lamba a jiki. Ya girgiza kai. Wurin aiki ba tsafta. Ya naɗe hannun riga, ya yi abin da bai taɓa yi a Kano ba, wato aiki. Ya kwashe waɗanda zai iya ɗauka ya jere su a gefe guda, goma goma, kamar yadda yake jera bulo a rumfarsa. 'Yan lambobin ma ya ɓare ya tara su a aljihu don kada su ɓata wuri.

Yana share gumi ya ji usur. Mai gadi ya taho a guje, Malama Lusiya na biye, ɗalibanta shida a baya. Wata ɗaliba ta ga jerin duwatsun ta zauna daɓas a ƙasa ta ɗora hannu a ka.

"Ba sai kun gode ba," in ji Maharazu.

Malama Lusiya ta rufe ido ta buɗe. "Malam Maharazu, kowane dutse yana nan ne inda ya faɗo. Shekara uku muna auna su don mu san daga ina kowanne ya fito."

"Daga sama suka fito, Malama. Da kun tambaye ni."

Ta yi magana da mai gadi doguwa, da hannu da kafaɗa, har ya mayar da usur aljihu. Sannan ta juyo. "Don girman Baba Ado, kada ka sake tsallake igiyar nan. Ga filinka can, ga ƙasa an kawo, ga itace. Saura kwana shida taro. Ka fara tubali."

To, a nan ne aikin ya tsaya masa. Ya tuna dai ana haɗa ƙasa da ciyawa da kashin dabba. Malama ta ce akwai wata gonar ɓauna a bayan gari, inda ake tatsar nono ana yin cuku, za ta aiki ɗalibai su ɗebo.

"Ɓauna? Ta daji?"

"Ta gida. Suna da sanyin hali, amma ba su saba da baƙo ba."

"Malama, kakata ta wajen uwa Bafulatana ce. Dabba mai ƙaho ba ta yi mini gardama."

Ya tafi shi kaɗai da buhu, cikin babbar riga ruwan goro. Ya buɗe ƙyauren gonar ya bar shi a buɗe, ya kira majalisa don su ga shanun Turai. Ba kowa a filin sai wani tafki na laka mai duwatsu baƙaƙe a ciki.

"Ina shanun?" in ji Salisu.

"Sun ji Injiniya ya zo, sun ba da wuri."

Sai wani dutse ya ɗaga kai. Na kusa da shi ma ya ɗaga. Duwatsu arba'in suka miƙe tsaye, laka na zuba, ƙahoni a murɗe, suka zuba wa babbar rigar ido. Ta gaban ta yi huci ta tako.

"Injiniya," in ji Mustafa a hankali, "yi musu Fulatanci."

Maharazu ya ja da baya. Suka matso. Ya ƙara sauri. Suka ƙara. Ya yar da buhu ya zura da gudu ta ƙyauren da ya bari a buɗe, ɓauna arba'in na biye da shi, ba don faɗa ba, don su dai ga inda wannan tanti mai ƙafa zai je. Abin da majalisa ke gani a waya shi ne sama, ƙasa, hancin Maharazu, ƙaho, sama kuma. Ya ratsa gonar lemo, ya ratsa ta gaban shagon gahawa inda tsofaffi suka ɗaga kofunansu don kada su zube, ya gangara rairayi. Gabansa teku, bayansa ƙaho. Mutumin da ko kududdufin unguwa bai taɓa shiga ba ya faɗa cikin teku yana salati.

"Na tafi! Ku yafe mini! Mustafa, ka ce wa Larai ta yafe mini!"

Hannu ɗaya ya ɗaga sama da waya don kada ta jiƙe, saboda haka Sheshe ta ga komai. Ta ga wasu tsofaffin mata biyu da ke wanka a gefe sun tako sun kama shi ta hammata sun tsayar. Ruwan iyakarsa gwiwa. Ta ga hularsa na tafiya Afirka ita kaɗai. Ta ga ɓauna sun tsaya a bakin ruwa suna tuƙa, mai gonar na tafe a kan keke yana zage-zage da yarensu.

Salisu ya faɗo daga benci. Sai da aka ba shi ruwa.

Maharazu ya gyara murya, ruwa na ɗiga daga gemunsa. "Abin da kuka gani gwajin ƙasa ne. Ba a aza harsashi kusa da teku sai an auna zurfinta."

Aka miƙa wa Larai wayar. "Baban Nana, waccan da ta rungume ka wace ce?"

"Haba Larai, kakar wani ce! Ta haura tamanin!"

"Ta dai iya riƙo."

Kwana biyu ya yi yana mura. Kwana biyu kuma ya yi yana zana taswirar shagunansa a bayan wani babban kwali, da tankin ruwa a kan rufi da wurin mai shayi a bakin ƙofa. Sai ana gobe taro ya tuna da tubali. Ya sa ɗalibai suka kwaɓa ƙasa, aka mulmula, ya ce a ɗora.

Wata ɗaliba ta taɓa tubali ɗaya, yatsanta ya nutse. Malama Lusiya ta ce, "Baba Ado yana barin su mako guda a rana."

"Ranar Kano ke nan. Ta Turai ta fi inganci."

"Itacen fa? Ba za a sa a ciki ba?"

"Itace na matsorata ne, Malama. Wannan sabon salo ne."

Ya sa aka kafa wata tsohuwar ganga a kan sanduna, aka yi ta lafta ɗanyen tubali a kanta, jeri goma sha huɗu a yini ɗaya, aka shafe da yaɓe. Daga nesa, wallahi, ya yi kyau.

Ranar taro garin da ba ya motsi ya motsa. Aka jera kujeru a filin da ke gaban kangayen, masu busa ƙaho na gari suka zo da jajayen riguna, magajin gari ya iso, gajere mai tumbi, da ɗamara mai launi uku a kafaɗa. Magina daga ƙasashe daban daban kowa ya nuna nasa. Abin da Maharazu bai sani ba, Malama Lusiya ta shirya wa Baba Ado girmamawa. An kafa wani babban allo a gefen fili, aka haɗa shi da Kano. Allo ya haska, sai ga ƙofar gidan Baba Ado, tsoho na zaune a kan buzu, Sheshe kaf a bayansa. Mutum goma sha biyun suna sahun gaba cikin sababbin kaya, Mustafa har da jaka a kan cinya.

Wani mutum da ya ga haka zai yi sanyi. Maharazu sai ya ƙara kumbura. Ya karɓi abin magana ya ɗaga kwalinsa.

"Jama'ar Turai, ku daina jin kunya! Rashi ba abin kunya ba ne. Na ga halin da kuke ciki, kuma na zo da magani. Wata shida, kangon nan zai zama kasuwa!"

Malama Lusiya ta fassara da cewa baƙo yana gaishe su kuma ya yaba da kyan wurin. Aka yi tafi. Maharazu ya ji tafi ya juya ga allo. "Kun ji? Sun amince!" Sheshe ta ɗauki sowa, mata na guɗa. Amma kwalin ba ya bukatar tafinta. Wani tsoho a sahun gaba ya sa tabarau ya duba, ya ga wurin ibadar kakanninsa da kwano shuɗi da tankin ruwa a ka, ya miƙe yana nuni da sanda. Gunaguni ya fara zagaya kujeru.

Maharazu ya ɗauka ɗoki ne. "Ku kwantar da hankali, kowa zai samu shago. Ga samfur!" Ya kamo hannun magajin gari ya ja shi ƙarƙashin bakan da ya gina. "Ranka ya daɗe, tsaya nan a yi mana hoto. A cire gangar!"

Daga allo muryar Baba Ado ta fito kamar tsawa. "Maharazu! Yaushe ka yi tubalin nan?"

"Jiya, Baba."

"Jiya? Itace nawa ka sa?"

"Sabon salo ne, Baba."

"Fitar da bawan Allahn nan daga ƙarƙashi! Lusiya, fitar da shi!"

Amma Maharazu ya riga ya sa ƙafa ya ture sandar da ke riƙe da gangar. Ganga ta faɗo ta gangara cikin masu busa. Baka ya tsaya. Daƙiƙa ɗaya, biyu, uku. Maharazu ya buɗe hannuwa ya dubi allo.

"Salisu, ina akuyarka?"

Ya ɗan bubbuga ginin da tafin hannu don a ji ƙarfinsa.

Bai faɗi da ƙara ba. Ɗanyen tubali ba ya ƙara. Saukowa ya yi a hankali, luɓus, kamar an kife musu tukunyar tuwo. Da ƙura ta lafa, ko in ce da laka ta gama zuba, sai ga mutum biyu zaune a ƙasa ba a gane wane ne magajin gari wane ne Injiniya, sai da ɗaya ya tofar da ciyawa ya ce, "Innalillahi."

Kowa a fili ya zuba musu ido. Sheshe ma haka. Magajin gari ya share ido da yatsa biyu, ya shinshina hannunsa, ya gane gudummawar ɓauna a ciki. Ya dubi Maharazu. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ya fashe da dariya har yana dukan laka da hannu, garin duka ya ɗauka, mai babban ƙaho ya busa wata ƙara kamar kukan jaki. A allo kuwa ba a ganin kowa a tsaye, sai ƙafafu a sama da Salisu yana rarrafe. Mustafa dai bai yi dariya ba. Ya rungume jakarsa ya matso kusa da waya.

"Injiniya, rufin fa?"

Malama Lusiya ce ta amsa masa da Hausarta ta tsofaffi. "Ɗan'uwa, babu rufi. Ba a taɓa yin maganar rufi ba. Wanda ya ɗora ko ƙusa ɗaya a kan dutsen nan, gidan yari zai kwana."

Baba Ado bai yi dariya ba shi ma. Sunansa ne a jikin takardar taron. Ya gyara zama ya ce, "Lusiya, akwai sauran ƙasa?"

"Akwai, Baba."

"Itacen fa?"

"Ko ɗaya bai taɓa ba."

"To tara mini yaranki. A ɗaga dawowar Maharazu da mako biyu. Kai kuma, cire rigar nan ka shiga cikin ƙasar ka tattaka. Aikin da ya kamata ka fara da shi ke nan tun kana ɗan shekara bakwai."

Haka aka yi. Mako biyu Baba Ado na zaune a kan buzunsa a Sheshe yana ba da umarni ta allo, ɗalibai na ɗaure itace suna jera busasshen tubali jeri uku a yini, Injiniya kuwa na cikin laka har gwiwa, wando a naɗe, tsofaffin shagon gahawa sun jawo kujerunsu suna kallonsa suna ba shi shawara da yaren da ba ya ji. Bakan Baba Ado ya tsaya. Magajin gari da kansa ya shiga ƙarƙashi, amma sai da ya sa hular kwano.

Ranar da Maharazu ya dawo Kano ya so ya sulale ta bayan layi, sai ya tarar mutum goma sha biyu na jiran sa a bakin lungu, kowa da hoton fasfonsa guda huɗu. Larai ta riga ta mayar da kaji biyar, biyun da aka ci ta ce shi zai yi bayani. Aka rako shi har ƙofar gidan Baba Ado aka zaunar a tsakiya.

Mustafa ya ce, "Na bar aikin Alhaji saboda kai."

Salisu ya ce, "A bar shi ya yi magana. Ina so in ji ta inda zai ɓullo."

Maharazu ya dubi wannan ya dubi wancan. Ya gyara sabuwar hularsa, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Ku matsalarku ba ku yi tafiya ba. Mutanen nan na zauna da su, na karance su. Ba gini suke so ba, kango suke so. Shi suke zagayewa da igiya, shi suke ɗauka hoto. To su sai da suka jira shekara dubu biyu da ɗari biyar kafin su samu nasu. Ni kuwa na yi musu a kwana ɗaya."

Baba Ado ya ɗago kai. "Nasu ya yi shekara ɗaruruwa da rufinsa kafin ya zube, Maharazu. Naka ko la'asar bai kai ba."

"To ai shi ne ci gaban, Baba."

Tsoho ya lalubi sandarsa. Maharazu bai jira ya ga ko tashi zai yi da ita ko duka ba.